Kamu Ba Hukunci Ba Ne

Yau muna so mu yi magana da akawuna da malaman makaranta, musamman na ƙasar Gaya da Ajingi, bisa wani al'amari wanda mutum ba ya tunawa da shi sai ran da ya faɗo masa. Watau yadda talaka zai sami takardar da za ta nuna abin da ya gudana tsakaninsa da hukuma, in an taɓa kama shi ko an tsai da shi gaban alƙali. Mun zaɓe ku ne don ku ne masu alƙalami a garuruwa da ƙauyuka, wurinku a ke zuwa in takarda ta gagara, kuma a hannun waɗansunku littattafan nan su ke kwana.

Ga abin da ya tayar da maganar. Cikin ɗaliban da suka fita daga hannunmu a makarantar horon malamai akwai wani yaro, mutumin wani ƙauye na ƙasar Ajingi, mai hankali, mai kyawun rubutu. Wata ran kasuwa ya tafi wani gari sayar wa mahaifinsa awaki, ba za mu faɗi sunan garin ba, sai faɗa ya ɓarke tsakanin samari. 'Yan sanda suka zo suka yi kamu na kan mai uwa da wabi, aka haɗa da shi. Aka jera su a ƙasa, an tara sanduna da wuƙaƙe a gabansu, wani ya ɗauke su hoto da wayar hannu. Kafin yaron ya san abin da a ke tuhumarsa da shi, hoton ya isa garinsu. Ya kwana biyu a bayan kanta, aka kai su kotu, aka ba da belinsa. Aka yi zama huɗu ba wanda ya zo ya ce ya gan shi da ko tsinke, alƙali ya sallame shi. Yaro ya fito yana murna, dangi suka yi ta zuwa barka, ba wanda ya tuna ya ce a ba su takarda.

Bayan shekara biyu ya nemi aikin koyarwa. Ya ci jarrabawa, aka kira shi ganawa, sai ɗaya daga cikin masu ganawar ya dube shi ya ce, "Ba kai ne na cikin hoton nan ba?" Yaro ya faɗi yadda aka yi. Suka ce to, sun ji, amma ya kawo shaida a rubuce. Ba mu ga laifinsu ba, gama wanda za a danƙa wa 'ya'yan mutane dole a bincike shi. Yaron ya koma neman takarda. Bai san lambar ƙara ba, bai riƙe ranar wata ba, abin da ya iya tunawa shi ne bayan ƙaramar salla ne da kwanaki kaɗan. Magatakardan da ya rubuta shari'ar an yi masa canji, littattafan shekarar an ɗaure su an kai sito. Sau biyar yana zuwa, ko wane zuwa da kuɗin mota. A ƙarshe wani dattijon masinja, wanda ya tuna da shari'ar sabo da yawan samarin da aka kawo ran nan, shi ya shiga sito ya zaƙulo littafin. Ran da takardar ta fito an yi mako biyu da ba wani gurbin.

To, jama'a, ku dubi wannan juyin. Hoton da bai tabbatar da kome ba yana yawo kyauta, ko yaro ƙarami zai iya nemo shi cikin minti ɗaya. Takardar alƙali, wadda ita ce maganar ƙarshe, tana kwance cikin ƙura sai an yi sa'ar dattijo mai tunawa. Abin da ya kamata a tsare shi ne a sake, abin da ya kamata ya zama a hannun mai shi shi ne a kulle. Wannan shi ne abin da mu ke ƙi, kuma muna ganin gyaransa bai fi ƙarfin akawu da malamin makaranta ba.

Da fari sai mu rarrabe takardun, don mutanenmu da yawa suna cuɗa su wuri guda. Akwai abin da 'yan sanda ke rubutawa sa'ad da suka kama mutum. Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 35, ya wajabta a sanar da wanda aka kama dalilin kamunsa a rubuce, cikin harshen da ya ke ji, kafin awa 24 ta cika. Ya kuma ce a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu cikin kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace, ban da wanda a ke tuhuma da laifin da hukuncinsa kisa ne. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta Tarayya ta 2015 ta ƙara da cewa a rubuta sunan wanda aka kama, da sana'arsa, da inda ya ke zaune, da laifin da a ke zarginsa, da ranar kamu, a auna tsawonsa, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Jihar Kano ta yi tata dokar a 2019 bisa wannan fasali. Duk wannan rubutu na aikin bincike ne, abin da ya ke nunawa kaɗai shi ne an zargi wane ran kaza. Sashe na 36 na Tsarin Mulki kuwa ya ce wanda a ke tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa, kuma malamanmu na shari'a sun riga kowa sanin cewa kawo hujja a wuyan mai ƙara ya ke.

Littafin kotu shi ne mai nauyi. A nan ma Tsarin Mulki bai bar wurin gardama ba. Sashen nan na 36 ya wajabta wa ko wace kotu da ta yi shari'ar laifi ta ajiye rubutun abin da ya gudana, ya kuma ba wanda aka yi wa shari'ar, ko wakilin da ya naɗa, ikon karɓar kwafin hukunci cikin kwana 7 da ƙare shari'a. Kwana 7, ba wata bakwai ba. Da wani ya gaya wa yaronmu wannan ran da aka sallame shi, da yau yana gaban allo a makarantar da ya nema. Har ila yau sashen ya hana a sake yi wa mutum shari'a bisa laifin da aka riga aka hukunta shi ko aka wanke shi, amma fa sai in ya nuna an yi. Da me zai nuna in ba da takarda ba? Wanda zai ɗaukaka ƙara ma haka, lokacin da doka ta ba shi ƙayyadadde ne, in kwafin ya makara sai ya koma roƙon ƙarin lokaci.

Akwai wani abu da mu ke roƙon magatakardan kotu su lura da shi ƙwarai, don kalma ɗaya ce ke raba shi. Mutum ya kan fito daga kotu ta ƙofa biyu. Wani an saurari shaidu, alƙali ya ga ba shi da laifi, ya sallame shi ya kuma wanke shi. Wani kuwa masu ƙara ne suka daina zuwa, aka kori ƙarar, aka sallame shi ba tare da an shiga cikin maganar ba, wannan ana iya sake kawo shi wata rana. A bakin mutanen gari duka biyu "an sake shi" ne. A littafi bai kamata su zama ɗaya ba, kuma in an zo juya hukuncin daga Hausa zuwa Turanci don babbar kotu, nan ne mai gaggawa ya kan yi ɓarna.

Kada wani ya zaci rubuta shari'a baƙon abu ne a ƙasar nan, ko kuwa kwamfuta mu ke jira. Littattafan majalisar shari'a ta Sarkin Kano Abbas, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1919, sun tsira har zamaninmu. Da Larabci aka rubuta su. Wani malamin tarihi Ba'amurke, Allan Christelow, ya zaɓi shari'o'in 1913 da 1914 daga cikinsu, ya juya su Turanci, aka buga a 1994. Wanda ya karanta zai ga rigimar gona, da ta gado, da ta jini, ko wace da sunan masu ita da yadda aka yanke. Malaman da suka rubuta waɗannan ba su da kabad na ƙarfe, ba su da lantarki, tawada ce da alƙalamin kara. In rubutunsu ya yi shekara fiye da ɗari ana karantawa, ina hujjar wanda littafin shekara biyu ya ɓace masa?

A zamanin En'e ko wace gunduma da alƙalinta, da muhutinsa, da malamin da ke rubutu. Wanda bai yarda da hukuncin alƙalin gunduma ba ya kan ɗaukaka ƙara zuwa Birni, kuma Di'o in ya fito rangadi ya kan buɗe littafin kotu ya duba, yana da ikon ya taɓa hukunci in ya ga an zarce. Ba mu ce zamanin nan ba shi da aibu ba, za mu zo kan wannan. Amma akawun wancan lokaci ya san wata rana wani zai buɗe littafinsa, sanin nan kuwa shi ke gyara rubutu.

Abin da ya wahalar da mai neman tsohuwar shari'a shi ne yawan sauyin da aka yi. A 1958 Gwamnatin Jihar Arewa ta kira kwamitin masana shari'a a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, daga shawararsu aka yi dokar Final Kot da dokar bin shari'ar laifuka, suka fara aiki a 1960. A 1967 aka ƙirƙiro Jihar Kano. A 1968 kotunan En'e suka koma hannun Gwamnatin jiha da sunan kotunan yanki, gidajen yarin En'e suka koma hannun Tarayya, 'yan doka kuma aka shiga narkar da su cikin 'yan sandan Nijeriya. A 1976 En'e kanta ta ba ƙananan hukumomi wuri. A 1991 aka yanke Jigawa, Dutse da ke maƙwabtaka da Gaya ta zama babban birnin wata jiha dabam. A 2000 Kano ta kafa kotunan shari'ar Musulunci a gurbin kotunan yanki. Ko wane sauyi daga cikin waɗannan yana nufin an canja sunan da ke bisa ƙofa, an canja wanda ke riƙe da makulli, wani lokaci an kwashi kaya daga wannan ɗaki zuwa wancan. Takarda kuwa ba ta son ƙaura, ga gara, ga yoyon damina, ga ɓera.

Maganar Jigawa ta fi shafar mutanen Gaya da Ajingi, don a bakin iyaka su ke. Mutum zai tashi da safe ya ci kasuwa a wata jiha ya komo gida kafin magariba, bai ma san ya ƙetare kome ba. In tsautsayi ya same shi can, littafinsa yana can, a hannun ma'aikatar shari'a ta Jigawa, ko ya shekara yana sintiri a hanyar Wudil zuwa Kano ba zai same shi ba. Ƙa'idar ita ce, takarda tana wurin da aka yi shari'a, ba garin da mutum ya fito ba.

Ga yadda za ku shiryar da wanda ya zo muku. Ya fara da kotun da ta yi shari'ar, ta majistare ce ko ta shari'ar Musulunci, ya rubuta wa magatakarda takardar neman kwafi, ya riƙe tasa kwafin takardar neman. Ya faɗi lambar ƙara in ya sani, in bai sani ba ya faɗi shekara da wata, da sunan waɗanda aka haɗa su tare, da ofishin 'yan sandan da ya kawo ƙarar, gama rahoton farko da 'yan sanda ke kai wa kotu yana da tasa lamba. Ya biya abin da doka ta yanka, ya karɓi rasit, kada ya ba kowa ko kwabo ba rasit. Sa'an nan ya duba abin da aka ba shi. Dokar Shaida ta 2011 ta ce kwafin takardar hukuma ba ya zama hujja sai ma'aikacin da ke riƙe da ita ya rubuta a ƙasa cewa kwafin daidai ya ke da asali, ya sa ranar wata, da sunansa, da muƙaminsa, da hatimi in ofishinsa na da shi. Hoton takarda da aka ɗauka a shagon bakin titi ba wannan shaida a jiki, ba abin da zai tsinana. Wanda kuma a ke nema wa shaidar cewa ba a taɓa ɗaure shi ba, don aiki ko tafiya ƙasar waje, wannan ta 'yan sanda ce, daga babbar rajistar masu laifi ta ke fitowa bayan an ɗauki zanen yatsu, yanzu ta intanet a ke fara nemanta. In kuwa shari'ar ta zamanin En'e ce, sai a nufi Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, ko Gidan Ajiye Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, inda fayilolin Lardin Kano su ke, ko Gidan Arewa. Mai zuwa can ya tafi da wanda ke karanta Larabci da ajami, ya kuma san cewa tsofaffin malamai da watan Musulunci su kan yi lissafi.

Akwai wani tarko wanda mu malaman makaranta muka taimaka wajen ɗana shi, sai mu amsa laifinmu. Tun zamanin elementare aka saba in yara biyu sun yi suna ɗaya a aji sai a liƙa wa ko wanne sunan garinsu. Da haka sunan gari ya zama sunan mutum. Yau ku ƙirga masu suna Musa ko Sani ko Garba da ke rubuta Gaya a ƙarshen sunansu, ku gani ko za ku gama. Ga shi kuma mutum ɗaya Muhammadu ne a takardar makaranta, Mamman a gida, Muhammad a katin zaɓe. Wanda ya ga suna a littafin kotu ya ce ai wane ne, ba tare da duba sunan uba da unguwa da shekaru ba, yana iya shafa wa marar laifi kashin kaji. Sabo da haka ne hukuma ta dogara ga zanen yatsu ba suna ba. Turawan Ingila a Kalkata ta Indiya suka tsara shi a 1897, da taimakon ma'aikata biyu 'yan ƙasar, Azizul Haque da Hem Chandra Bose, 'yan sandan London suka ɗauka a 1901.

Hoton kamu ma asalinsa don wannan ne. Wani akawun 'yan sanda a Faris ta Faransa, Alphonse Bertillon, shi ya daidaita shi wajen 1888, a ɗauki mutum ta gaba da ta gefe, a sa cikin fayil, don in ya sake dawowa da wani suna a gane shi. Akawu ne kamarku, kuma don aljihun tebur ya yi abinsa. Tsohuwar Dokar 'Yan Sanda ta ƙasar nan, wadda aka maye gurbinta a 2020, ta fahimci haka, har ta ce wanda ba a taɓa ɗaure shi ba, in kotu ta sallame shi, a lalata hotonsa da zanen yatsunsa ko a miƙa masa abinsa. Masu wannan doka sun san hoto tabo ne. Amma su hoton takarda suka sani, wanda in an yaga shi ya ƙare. Na wayar hannu in ya fita ya zama zarar bunu.

A Amurka, inda a jihohi da yawa hoton kamu takardar jama'a ce, an ga inda abin ke kaiwa. Waɗansu suka buɗe shafuna a intanet suna kwaso hotunan suna bazawa, in mutum ya ce a cire nasa, ko da kotu ta wanke shi, sai su ce ya biya. Sai da jihohi da dama suka yi dokar hana wannan ciniki. Ingila kuwa tun 1974 ta yi doka cewa ƙananan laifuka, in mutum ya yi shekaru bai sake ba, ba sai ya yi ta faɗinsu wurin neman yawancin ayyuka ba. A nan gida Jihar Legas ta hana jera waɗanda a ke zargi gaban 'yan jarida a gyaran dokarta na 2021. Muna ganin lokaci ya yi da Majalisar Dokokin Kano za ta dubi wannan da idon basira.

Mun san abin da waɗansu za su ce, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Za su ce mutanen da ɓarayin shanu da masu ƙwacen waya suka addaba suna da hakkin su ga an kama wani, kuma nuna fuska ya kan sa wanda aka cuta ya fito ya ba da shaida. Za su ce uban da zai ba da 'yarsa, da hedimastan da zai ɗauki malami, dole su san ko wane ne a gabansu. Mun yarda da rabin farko da sharaɗi: in 'yan sanda na cigiyar wanda ya gudu, su buga hotonsa, wannan aiki ne. Rabi na biyu kuwa mun yarda da shi ɗungum, kuma shi ne ma hujjarmu. Kotu a buɗe ta ke zama, Tsarin Mulki ya ce a yi shari'ar laifi a bainar jama'a sai inda aka keɓe, kamar shari'ar ƙananan yara. Wanda aka tabbatar ya ci amanar yara bai kamata ya sauya gari ya sami aji ba. Tsarin Mulki ma ya hana wanda aka hukunta bisa laifin rashin gaskiya tsayawa takarar majalisa sai shekara 10 ta wuce. To, duk wannan da hukuncin kotu a ke tabbatar da shi. In littafin kotu ya yi wuyar samu, mai laifi na gaske shi ke cin riba, don nasa ya ɓuya tare da na kowa, marar laifi kuma ya rasa abin wanke kansa. Jama'a su koma dogara ga hoton waya da ji-ta-ji-ta, waɗanda ba su san bambancin ɓarawo da mai sayar da awaki ba.

Mun ce za mu komo kan aibun zamanin En'e. Bayan kafa NEPU a Kano a 1950, mabiyanta da yawa a gundumomi sun sha ɗauri da bulala a kotunan alƙalai, bisa tuhumar yin taro ba izini ko zagin masu sarauta. Yau jikokinsu ba kunyar wannan ɗauri su ke ji ba, waɗansu ma nema su ke su ga shafin da aka rubuta sunan kakansu. Malamin kotun da ya rubuta shafin nan a lokacin bai san wa zai karanta ba, bai san kuma wace fassara zamani zai yi masa ba. Abin da ke wuyansa kaɗai shi ne ya rubuta abin da aka yi daidai, ya ajiye inda za a samu. Littafin da ke kare talaka daga ƙazafi shi ne kuma ke nuna wa na baya inda hukuma ta zarce, shi ya sa ba ma so ko shafi ɗaya ya ɓace, mai daɗi da marar daɗi.

Abin da mu ke roƙo ga Babban Joji da Girandi Kadi na Jihar Kano ƙarami ne. A umurci ko wace kotu, ran da ta gama da mutum, ta miƙa masa 'yar takarda mai hatimi kafin ya fita ƙofa, ɗauke da sunan kotu, da lambar ƙara, da ranar wata, da yadda aka ƙare. A kuma ajiye littafin sunaye bisa jerin bakaƙe a ko wace rajista, yadda in mutum ya zo da suna da shekara za a kai ga lamba ba sai an kwance ɗauri ashirin ba. A liƙa kuɗin kwafi a bango da Hausa, boko da ajami. Littattafan da suka tsufa a ƙirga su, a rubuta, a kai inda masu adana tarihi za su kula da su. In an sami kwamfuta daga baya madalla, amma kwamfuta ba ta iya shirya abin da hannu bai shirya ba. Dokar nan ta 2015 ta ce majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sanda na yankinsa ko wane wata yana duba littafin kamu. Muna so a ga wannan rangadi da ido a gabashin Kano, kuma in ya je ya tambayi inda kamun watan jiya ya kwana, wa aka kai kotu, wa aka saki.

Ku kuma akawuna, mai zuwa neman kwafi ba bara ya zo ba, kuma sau da yawa kuɗin motar da ya kawo shi rance ne. In littafin ba ya wurinku ku gaya masa inda ya ke tun zuwan farko, ku rubuta masa a takarda. In an yi muku canji kada ku tafi sai kun danƙa wa magajinku lissafin abin da ke sito, ya sa hannu kun sa. Kada kuma ku buɗe fayil ga wanda ya zo don gulma ko don ya sami abin yi wa abokin hamayya sharri, ku bar shi ya bi ta hanyar da doka ta shimfiɗa.

Malamai, naku ya fi sauƙi, ya kuma fi yawa. Kuna da aji cike da yara waɗanda rabinsu za su riƙe waya kafin su riƙe fartanya da kyau. Cikin darasin zaman ƙasa ku ware rana ɗaya ku koya musu bambancin zargi da tuhuma da hukunci, ku sa su rubuta takardar neman kwafi da hannunsu kamar yadda ku ke sa su rubuta takardar neman aiki, ku sa su haddace kwana 7 ɗin nan. In hoton kamu ya faɗo cikin zauren WhatsApp na malamai, kada ya wuce ta hannunku. In kuma an kira ku ganawar ɗaukar ma'aikata aka kawo irin wannan magana, ku nemi a ba mutum wa'adi mai ma'ana ya kawo takardarsa kafin a rufe gurbi, tun da kun san yadda nemanta ya ke.

Yaron nan namu ya sake neman aiki bana, ya liƙa kwafin hukuncin a bayan takardun makarantarsa, asalin kuwa yana cikin leda a ƙasan akwatin mahaifiyarsa. Ya ce mana ya roƙi mutum uku da suka sa hoton a Facebook su cire, biyu sun cire, na ukun bai amsa ba. Mun duba makon jiya, hoton yana nan, shi ne na huɗu daga hagu.